Jinin Da Allura Ba Ta Ci

Sallama gare ku masu karatu. Ku yi haƙuri da rubutuna, a aji uku na tsaya a firamare, ɗan abin da na tsira da shi nake lallaɓawa.

Sunana Indo, 'yar Malam Garba mai hatsi, a Tsafe. Duk wanda ya san ni ya san ba ni da baki. In baƙo ya yi sallama gidanmu, ɗaki nake shigewa in saki labule. Ko gaisuwa zan yi, da yatsun ƙafata nake magana. Shi ya sa har yau wasu ba su yarda ni ce na yi abin da na yi a Gusau ba. To ni ce, kuma ban yi nadama ba.

Bari in fara da sunan da aka laƙa mana: gidan raki.

Bara haihuwa ta zo wa yayata Halima da gardama, aka kai ta asibiti Gusau. Haihuwar kam ta yi ta ba ko uffan, yadda aka koya mana. Sai aka zo ɗinki. Aka yi mata allurar kashe zafi, aka jira, aka soma. Yaya Halima ta ƙwalla ihun da ya tsayar da masu shara a baranda. "Ina ji! Wallahi ina ji!" Aka ƙara mata wata, ba ta fasa ba. Ƙwayar kodin da aka ba ta daga baya ma kamar ta haɗiyi gero.

Cikin rashin sa'a, a ranar Goggo Hanatu ta je dubiya. Ita ce yayar mahaifin Shu'aibu, wanda zan aura. A Gusau take aure, amma gidansu Furfuri, ta wajen Bungudu. Fulani ne da suka zauna suka kama noma, sai dai ba su ajiye halinsu ba. A wurinsu macen da ta yi kukan ciwo ta zubar da mutuncin dangi. Goggo ta ɗauki ihun yayata da ɗuminsa ta kai Furfuri. Ta ce an yi wa yarinya allura har biyu tana kururuwa, to in babu allurar fa? Ta ce raki a nono ake shan sa, ba za su sa wannan jini cikin nasu ba.

Lokacin an riga an kawo kuɗin gaisuwa, saura sa rana. Daga nan muka ji shiru. Damina ta wuce, aka yi girbi, shiru.

Shi Shu'aibu a Zariya yake aiki, a jami'a, a wani ɗaki da ake kiwon ɓeraye don gwada magani. Ranar da ya fara faɗa wa Baba aikinsa a zaure, ina laɓe ina ji. Mu nan kusu muke ce wa ɓera.

Baba ya ce, "Tsaya, yaro. Kusu? Kusun da ni sani?"

"Shi, Baba. Amma na turawa ne, masu tsabta."

"Ni tun ba a haife ka ba nike yaƙi da kusu cikin rumbu, kai kuma gwamnati na biyanka ka ba shi abinci? Har da ruwa?"

"Har da shimfiɗa, Baba."

Baba ya yi dariya har hularsa ta faɗi. Ina jin dariyar nan ce ta sa ya ba shi ni.

Da yake karatuna bai kai in karanta doguwar wasiƙa ba, kaset yake aiko mini ta hannun Jibo direba, maƙwabcinmu mai zuwa Zariya. In Baba ya fita kasuwa sai in ɗauko rediyonsa in rage murya. Wata Alhamis Jibo ya kawo, an naɗe shi cikin hankici mai ƙamshin turare. Na zauna bakin gadon Inna, ƙarƙashin jeren tasoshinta, na danna.

"Indo, ina gaisuwa. Kina jin wannan ƙus-ƙus ɗin? Mutanena ne, suna gaishe ki."

Na rufe baki ina murmushi, kamar yana gabana.

"Na ji abin da Goggo ke yawo da shi. Ki saurara in ba ki labari. Muna da ɓeraye gida biyu, baƙaƙe da masu ruwan toka. Abincinsu ɗaya, ɗakinsu ɗaya. Akwai wani faranti mai zafi da ake ɗora su a kai, ba mai ƙonarwa ba, da ɓera ya ji zafi ya lashi ƙafa sai a ɗauke shi. To sai Dokta, shugabanmu a wurin aiki, ya yi musu allurar kashe zafi, daidai wa daida. Masu ruwan tokan nan sai su yi lakwas a kan faranti kamar suna shan hantsi. Baƙaƙen kuwa, Indo, sai su miƙe wutsiya su yi ta zagaya keji, kina ɗora su ba jimawa sun lashi ƙafa. Da farko na ɗauka ni ne na yi kuskure wajen riƙewa. Aka sake, haka. 'Ya'yansu suka girma, haka. Jikokinsu ma haka. Dokta ya ce ba rashin jarumta ba ne, gado ne, haka Allah ya gina jikinsu. Na tambaye shi ko mutane ma haka suke. Ya ce maganinmu da wanda aka yi wa Halima ba ɗaya ba ne, ba zai rantse ba, amma ba zai yi mamaki ba. Ni dai tun ranar in na ɗauki baƙin ɓera ke nake tunawa."

Ku ji fa. Saurayin wata budurwar da tauraro yake kwatanta ta, ni nawa da ɓera.

Ban lura ba ashe Inna ta bar tankaɗe tana tsaye a bakin ƙofa, rariya a hannu, gari har gwiwar hannunta.

"Ashe kusu munka zama," in ji ta.

Na yi sauri zan kashe.

"Bari. Mayar da shi baya, wurin ɗiyan nan."

Na mayar. Ta saurara har ƙarshe ba ta zauna ba. Sannan ta ce, "Kashe, kada ki cinye batirin babanki," ta koma kan garinta. Ranar tuwon ya yi gudaji, abin da Inna ba ta taɓa yi ba.

Ana cikin haka haƙorina na turmi ya tashi. Na cusa kanumfari, na kuskure da ruwan kanwa, na sha kodin ɗin kanti, duk a banza. Kuncina ya kumbura kamar na ɓoye goriba. Kuma a makon ne Goggo Hanatu ta ga damar zuwa Tsafe, wai gaisuwa.

Doguwa ce, siririya, fara, da baƙin zane da mayafi fari, bakinta ja da goro. Na durƙusa na gaishe ta, na ja gyale na rufe kuncin. Ta sa yatsa ta janye.

"A'a, mi ya samu ɗiyar tawa?"

Inna ta ce, "Ɗan haƙori ne."

"Wanga ai sai an cire. Ku kawo ta Gusau ran Litinin, akwai likitan haƙori. Ni da kaina za ni tsaya mata." Ta tofar da tukar goro a kasko. "Daga can sai in wuce Furfuri. Ƙanena ya ce in duba mashi yarinyar da kyau, abin da ni hwaɗa shi za a yi."

Kowa ya gane. Ba rakiya za ta yi ba, jarrabawa ce. In na yi shiru a sa rana, in na yi ihu a zo a karɓi kaya.

Ran Litinin da safe Inna ta shirya ni kamar mai zuwa biki. Ta fito da atamfata shuɗiya mai zanen ganye, ta ɗaura mini ɗankwali da kanta, ta ce kada in sa kwalli, don in hawaye ya zo kwalli ke tona asiri. Sannan ta tura ƙofa ta zaunar da ni.

"Buɗe kunnenki. In ya yi maki allura zai taɓa wurin ya ce kina ji? Ki ce a'a."

"In kuma ina ji fa, Inna?"

"Za ki ji. Ki ce a'a."

Na ɗago na dube ta. Ta buɗe baki ta nuna mini giɓinta na can ciki, sannan ta ja hannun riga ta nuna mini tabon ɗinkin da ke damtsenta, inda lauje ya taɓa yanka ta.

"Wanga da wanga, duk da allura anka yi su. Babu zaren da ban ji shigarshi ba. Uwata ma haka ta gaya mani, magani bai cin ta. Amma wa ya taɓa jin bakinmu? Sai waccan ta zo ta kwance mana zane a kasuwa." Yaya Halima take nufi, 'yar fari ce, ba ta faɗin sunanta.

"Baba ya sani?"

"Mi za ya yi da sani?"

Ta ciro wani ɗan dutse mai santsi daga cikin adudunta ta danƙa mini. Ta ce in matse shi a hannu, in dinga salati a zuci, in kafa ido a wuri ɗaya. Ta ce nata ne, ita ma na uwarta ne.

Cikin mota har Gusau dutsen na hannuna. Ina son Shu'aibu, kada ku yi shakka. Ina son yadda yake tsayawa nesa da ni a zaure don kada kunya ta kashe ni, da yadda yake ba ni labari ba ya jiran in amsa. Na ce a raina, mene ne ciwon ɗan lokaci a kan zaman har abada? Uwata ta yi, kakata ta yi. Na yanke zan yi shiru.

Mun tarar da Goggo ta riga mu, tana zaune kan benci da ƙullin kayanta na tafiya Furfuri. Da aka kira ni ta miƙe ta bi ni. Ma'aikaciyar ta ce mutum ɗaya ke shiga da marar lafiya. Goggo ta ce, "Ni ce uwarta," ta wuce. Inna ta tsaya a bakin ƙofa.

Likitan dattijo ne mai tabarau, yana jin Hausa sosai. Ya kwantar da ni a wata doguwar kujera, ya haska fitila a bakina, ya ce haƙorin ya ruɓe har saiwa. Ya yi allurar a dasashi. Muka jira. Leɓena ya ɗan yi nauyi kaɗan, har na fara murna, na ce ko ni Allah ya tsame ni. Sai ya ɗauko wani siririn ƙarfe ya taɓa gindin haƙorin. Zafin ya harba har cikin idona.

"Kina ji?"

Na matse dutsen. Na kafa ido a jikin bango. Kalmar tana bakina, a'a, gajeruwa ce, ko jariri ya iya ta.

Sai na hango Inna ta gefen ido. Ta dunƙule hannunta na dama, babu komai a ciki, tana matsawa, leɓunanta na motsi. Tana taya ni. Nan take na ga kaina a tsaye a bakin wata ƙofa irin wannan, na tsufa, 'yata a kwance, ni ma ina matsa hannu. Na ga ina buɗe adudu ina ba ta dutse. Wani abu ya taso mini wanda ya fi ciwon haƙorin zafi.

Na ce, "Ina ji."

Inna ta ce, "Indo!"

Goggo ta ce, "Uhm."

Likita ya ce ba komai, akan samu haka. Ya ƙara wata allurar, muka ƙara jira, ya sake taɓawa.

"Ina ji, likita. Kamar ba a yi komai ba."

Goggo ta tafa hannu. "Allurar da ke kwantar da ƙato? Ke dai ki ce tsoro kike ji. Mu da anka cire muna haƙori da awartakin maƙeri muna zaune muna taunar goro ta ɗaya gefen!"

Likita ya ajiye ƙarfen. Ya ce ba zai ƙara ta uku ba, ta yi yawa. Ya ce in na so in koma gida in sha maganin kumburi in dawo wani mako, wataƙila ta ci, don wani lokaci kumburi ke hana ta. In kuma ba ta ci ba sai Kaduna ko Zariya, inda za a sa ni barci. Inna ta yi wuf ta ce a bari sai wani makon. Na san dabararta, so take mu dawo ba Goggo.

Na ce, "A cire yau."

Likita ya leƙo ni ta saman tabarau. "'Yata, za ki ji zafi ƙwarai."

"Na sani. Kuma zan yi ihu. Ina gaya maka tun yanzu don kada ka firgita hannunka ya goce."

Ya yi ɗan murmushi. Ya sa ma'aikaciyar ta riƙe mini kai. Na miƙa hannu na ajiye dutsen a kan farantin kayan aikinsa, ya yi ƙara.

'Yan uwa, ban san ina da murya haka ba. Duk maganar da na haɗiye tun ina yarinya ranar ta fito. Na kira Allah, na kira Annabi, na kira Inna, har Baba da ke Tsafe na kira. An ce wani mai jiran layi ya tashi ya tafi da haƙorinsa. Da abin ya fito likita ya nuna mini shi, ya cusa mini auduga ya ce in cije, ya ce, "Sannu, kin yi ƙoƙari."

"Ƙoƙari," in ji Goggo. Ta ɗauki ƙullinta ta fita.

A baranda ta tsaya tana gyara mayafi. Inna ta bi ta, murya ƙasa-ƙasa. "Hajiya, yarinta ce. Ki rufa muna asiri."

"Ni ban ƙara ko ɗaya, ban ragewa. Abin da kunnena ya ji shi za ni kai. Wanga ai ta fi yayarta."

Na cire audugar daga bakina. Jini na zuba a kan atamfata, ban damu ba.

"Goggo."

Ta juyo da mamaki, don ba ta taɓa jin na fara magana ba.

"Da anka cire maki naki, kin ji zafi?"

"Na ji mana. Na daure."

"To ni ma na ji, kuma na zauna har anka gama. Ban gudu ba, ban ce a bari ba. Bambancinmu ke kin yi shiru, ni na hwaɗi. In ƙarya kuke so a kawo maku gida, da na iya ta, an koya mani ita yau da sahe."

"Ke! Ni kike gaya ma magana? Wancan mai kiwon kusun ya hure maki kunne ko?"

"Ko kusun nashi in ya ji zafi lasar ƙafa shikai, kuma ba a kore shi daga gidan ba."

Wata mata a kan benci ta fashe da dariya ta toshe baki. Goggo ta dube ni sama da ƙasa, ta juya ta nufi titi.

Tasha ɗaya za mu, don haka muka bi bayanta. Inna na tafe tana share ido da bakin mayafi. Sau ɗaya ta ce, "Kin kashe aurenki da bakinki." Na san gaskiya ta faɗa. Kafin la'asar Goggo za ta zauna gaban mahaifin Shu'aibu ta ba da labarina yadda ta ga dama, ni kuwa ina Tsafe ina jiran a zo karɓar kaya. Shu'aibu yana Zariya, kafin ya ji an gama.

A tasha motar Tsafe na hannun hagu, saura mutum biyu ta cika. Ta Bungudu na hannun dama, a-kori-kura ce mai benci biyu a baya. Goggo ta hau ta zauna ta ɗora ƙullinta a cinya. Ɗan kamasho na ta kira, "Tsafe, Funtuwa! Hajiya ku taho, ku biyu muke jira!"

Inna ta kama hannuna ta ja hagu. Na zare hannun. Na taka ƙarfen motar Bungudu na hau, na zauna daidai gefen Goggo.

"Ke, ina za ki?" in ji Goggo.

"Furfuri. Ki hwaɗi naki, in hwaɗi nawa. In sun fasa, su fasa a gabana."

"Gidan surukai? Ba a ɗaura ba? Ba ki da kunya?"

"Da ita ni zo, Goggo. Can ni baro ta wurin likita."

Inna ta iso jikin motar tana haki. "Indo, sauko. Don girman Allah sauko. Budurwa ba ta zuwa gidan miji da ƙafarta. Mi za ni ce ma babanki?"

"Ki ce mashi abin da ba ki taɓa ce mashi ba."

Ta tsaya. Direba ya tayar da mota, hayaƙi ya turnuƙe. Ɗan kamashon Tsafe ya sake kira. Inna ta dubi motar gida, ta dube ni, da kumburarren kunci da jini a gaban riga. Na ɗauka za ta fizgo ni. Sai na ga ta tattare zanenta ta kama ƙarfen.

"Matsa," ta ce.

"Inna?"

"Na ce matsa. In za a hwaɗi, ba ke ɗai za ki hwaɗi ba. Wurina kinka samo jinin nan."

Babu wuri a gefena, sai ta zagaya ta zauna a ɗaya gefen Goggo. Muka sa ta a tsakiya. Goggo Hanatu ta dubi dama, ta dubi hagu, ta ƙanƙame ƙullinta. Mota ta fita daga tasha ta ɗauki hanyar Bungudu.